A sa malaminku ya dawo ya gyara maganar lambar Rumawa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ranar Talata da yamma ina zaune a zaure da 'yar rediyona, na ji malamin nan da kuka ɗauko yana cewa wai lambar Rumawan da ake rubutawa bayan sunan ƙarfe tana nuna yawan ƙwayoyin ƙarfen da ke cikin haɗin. Sau biyu ya faɗa, har da cewa yara su rubuta su haddace. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Shekara 31 ina riƙe da alli ina koyar da Kemistiri kafin na yi ritaya, kuma ba kuskuren da na fi yaƙa da shi kamar wannan. Lambar nan caji ce, wato cajin lantarkin da ƙwayar ƙarfe ɗaya take ɗauke da shi. Ga Fe₂O₃, haɗin baƙin ƙarfe (Fe, wato ayon) da oksijin (O), wanda shi ne jigon tsatsar da ke cin kwanon rufinmu. Oksijin uku, kowace da caji biyu na ragi, shida ke nan. Ƙarfe biyu ne za su biya wannan shida, kowane ya ɗauki uku. Shi ya sa ake ce masa ayon(III) oksayid, alhali ƙarfen biyu ne rak. In malaminku na musu, ya duba jan ƙarfe (Cu, wato kofa): Cu₂O mai launin ja shi ne kofa(I), CuO baƙi kuwa kofa(II). To ina lissafinsa ya tsaya?

Abin da ya fi ƙona mini rai, washegari jikata da ke shirin WAEC ta kawo mini littafinta, na ga ta rubuta Fe₃O a matsayin ayon(III) oksayid. Na ce daga ina? Ta ce, "Kai tsoho, iliminka ya kwana biyu, a rediyo aka faɗa." Wasan jika da kaka ne, na sani, amma da gaske take. Sai da muka kai har kiran sallar Azahar kafin ta yarda. Ita tana da kaka a gida. Yaron Mai'aduwa ko Zango ko Sandamu da ba shi da kowa sai rediyonku fa, wa zai warware masa?

Da ma dalilin lambar ya bayyana musu, da ba su ruɗe ba. Sodiyam da kalsiyam cajin kowanensu ba ya canzawa, ba sa bukatar lamba. Irin su baƙin ƙarfe da jan ƙarfe su ne masu fuska biyu, dole a faɗi wacce ake nufi. A da feros da ferik muke cewa maimakon ayon(II) da ayon(III), har yanzu ma feros salfet ne a jikin ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wajen awo. Wani Bajamushe, Alfred Stock, shi ya kawo tsarin lambar tun 1919. Ba sabon abu ba ne da za a ce malami bai riske shi ba.

Roƙona shi ne malaminku ya dawo a shirin, a lokacin da ya yi ɓarnar, ya ce ya yi kuskure. Kada ku saƙala gyaran a ƙarshen labarai inda yara ba sa ji.

Sannan don Allah, mai tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakowa tsakiyar darasi, ku rage masa murya. Ina ƙure rediyo don in ji malami, sai ya faso kamar mai shela a kasuwar Laraba, har awakina suna firgita.

Naku,
Tsohon malamin Kemistiri, Daura