A daina ƙona tsofaffin wasiƙu, akwai tarihin wasanni a jikinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasanni domin in yi kuka kan wata asara da ake yi a gidajenmu ba tare da an lura ba. Ni mai tara kan sarki ne, musamman masu hoton wasanni, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne idan dattijo ya rasu aka gama rabon gado, akwatin wasiƙunsa ne ake fara kaiwa bola ko a cinna masa wuta, wai tarkace ne.

Dangantakar kan sarki da wasanni ta daɗe. Da Girka ta shirya gasar Olamfik ta zamani ta farko a 1896, kan sarki iri 12 ta buga, kuɗin cinikinsu ya taimaka wajen ɗaukar nauyin gasar. Italiya ta fitar da nata lokacin Kofin Duniya na 1934. Ingila kuwa da ta ci kofin a 1966, sai ta sake buga wanda ta riga ta fitar, ta ƙara rubutun nasara a kansa. A Olamfik ɗin Landan na 2012 abin ya kai ga duk ɗan Birtaniya da ya ci zinare, washegari hotonsa na kan sarki a gidan waya.

Amma na gida sun fi taɓa ni. A 1964 Najeriya ta buga guda huɗu saboda gasar Olamfik ta Tokyo. Na taro, wato kwabo uku a tsohon kuɗi, yana ɗauke da safar dambe, kuma ikon Allah, a damben ne Nojim Maiyegun ya ciyo wa ƙasar lambar Olamfik ta farko, ta tagulla. Na sule biyu da sisi mai kusurwa uku ne, duk yaron da na nuna wa sai ya juya shi yana mamaki. Na gasar wasannin Afirka da aka yi a Legas a Janairun 1973 kuwa, da kwabo aka rubuta farashinsu, domin a watan ne naira ta maye gurbin fam da sule. Ka ga a ɗan ƙyallen takarda ɗaya an haɗa wasa da canjin kuɗi.

Don Allah wanda ya tsinci irin waɗannan kada ya ɓanɓare su daga ambulan. Hatimin gidan waya da ke nuna sunan gari da kwanan wata shi ne shaidar cewa wasiƙar ta bi hanya, kuma sau da yawa ambulan cikakke ya fi kan sarkin shi kaɗai daraja wurin masu tarawa, balle a ce an buga hatimin ranar da aka fara sayar da shi. In takardar ta riga ta yage, a jiƙa guntun a ruwa mai ɗumi-ɗumi har kan sarkin ya saki da kansa, a shanya shi tsakanin farar takarda, a danne da littafi mai nauyi. Ban da salatif, ban da gam. A riƙa ɗauka da hantsaki, saboda maiƙon yatsa na barin tabo, a kuma nisanta su daga danshin damina da gara.

Roƙona biyu ne. Ku ware wani lungu ko da sau ɗaya a wata, masu karatu su aiko da hoton abin da suka samu a akwatunan iyayensu. Sannan ku miƙa kiranmu ga NIPOST, hukumar gidan waya ta ƙasa: tun a 1973 kamun kifin Argungu ya hau kan sarkin kwabo 30, to muna son ganin sabon jeri na dambe da kokawa da langa, a sayar da shi a gidajen waya na Kano da Sakkwato da Katsina.

Na gode.

Mai karatunku a kullum,
daga Gusau