Labarin aikin wuyan 'yarka

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka yafe mini shirun da na yi, zaman asibiti ne ya ɗauke mu.

Ka tuna ƙunar ruwan zafin da 'yarka auta ta samu a wuya bara? Ciwon ya warke, muka ɗauka an gama. Ashe tabon ƙuna tsukewa yake yi. Sannu a hankali ya riƙa jan haɓarta zuwa ƙirji, leɓen ƙasa ya zazzago, yawu na zuba. In ka kira ta kana tsaye, sai ta gantsare gaba ɗaya kafin ta ga fuskarka. Likita ya ce jikin yaro girma yake yi, tabo kuwa ba ya bin sa, kuma in aka ƙyale shi har muƙamuƙi yake hana wa girma daidai.

To, an yi aikin, alhamdulillahi. Mai ba da maganin barci ne ya fi kowa shan zufa, don sai an ɗaga kan mutum ake zura bututun numfashi, ita kuwa wuyan ba ya miƙewa. Da aka yanke tabon wuyan ya saki, sai suka ɗebo siririyar fata daga cinyarta suka rufe wurin. Kwana 5 ba a buɗe ba, ba a yarda ta motsa kai ba, wai sai sabuwar fatar ta kama jini. Ka ce wa 'yar shekara 3 kada ta motsa! Uwarta ta sha fama. Cinyar ta warke cikin mako 2, amma ita ta fi sa ta kuka.

Yanzu babban aikin yana hannunmu. Fatar da aka dasa ita ma tana tsukewa, shi ya sa aka sa mata abin tallafe wuya, dare da rana, aƙalla wata 6. Wanka da shafa mai kawai ke sa a cire. Ta tsane shi, kullum da dare sai na kama ta tana ɓalle maɗaurin. Ni dai na ƙeƙashe ido, don likitan bai ɓoye mana ba: ko da mun kiyaye, mai yiwuwa a sake wani aikin in ta ƙara tsawo.

Ka sa ta a addu'a. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
amininka