Rahoton Ayyukan Shekara: Shirin Ɗaukar Nauyin Dabbobin da Aka Ceto

Ya ku mambobi masu girma, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin yadda shirinmu ya gudana a shekarar da ta ƙare, da shawarar da muke neman amincewarku a kanta a babban taro mai zuwa.

Tsarin shirin bai canza ba: mamba yakan zaɓi dabba ɗaya a mafakar da muke tallafa wa, ya riƙa biyan gudummawar wata-wata domin abincinta da maganinta, mu kuma mu riƙa aika masa da hotonta da labarin lafiyarta. Duk dabbar da ta shigo ana killace ta na kimanin kwana 30 kafin a haɗa ta da sauran, a duba ta, a ba ta maganin tsutsar ciki, a yi mata alluran rigakafi. Karnuka da kuliyoyi an yi musu rigakafin ciwon haukan kare da aikin hana haihuwa, kuma da yawansu sun sami gidajen da suka karɓe su. Wannan ɓangare ya tafi lami lafiya.

Inda aiki ya fi yi mana nauyi shi ne wajen dabbobin gona, domin su ba kasafai ake samun mai karɓarsu ba, mafakar ce gidansu har ƙarshen rayuwa. Jaki yakan kai shekara 30, wani ma ya haura 40. Saniya tana iya kai wa shekara 20, alhali a gonakin madara na kasuwanci akan fitar da ita tun tana shekara 5 ko 6. Wanda ya karɓi irin waɗannan dabbobi ya ɗauki alƙawarin shekaru masu yawa, kuma kuɗin kula da su ƙaruwa yake yi gwargwadon tsufansu.

A tsakiyar shekara an kawo wani tsohon jaki da kofatansa suka yi tsawo har suka lanƙwashe sama kamar ƙahon rago, yana taka ƙasa da duga-dugansa, yana tsayawa bayan kowane 'yan taku. Ba a yanke irin wannan kofato a zama ɗaya, sai a hankali, a rage kaɗan a bar jijiyoyin ƙafa su saba, kuma ko bayan ya daidaita dole a ci gaba da gyara shi duk mako 6 zuwa 10. Haƙoransa ma sai da likita ya goge masu kaifi kafin ya iya tauna ciyawa sosai. An haɗa shi da wata jaka saboda jakuna suna shaƙuwa da juna matuƙa, kuma idan jaki ya shiga damuwa ya daina cin abinci, kitsen jikinsa yakan kwararo cikin jini ya lalata hanta da ƙoda, abin da kan kashe shi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ma'aikata ba sa raba su ko da za a kai ɗaya wurin likita.

Kaji masu ƙwai da muka karɓa daga gonakin kasuwanci sun zo da tsiraicin wuya da baya, tukkunsu ya koɗe ya kwanta. Irin wannan kaza an hayayyafa ta ne ta yi ƙwai kusan 300 a shekara, kuma kowane ɓawon ƙwai yana cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam, wanda jikinta ke zaƙulowa daga ƙasusuwanta idan abinci bai wadatar ba. Shi ya sa karaya da ciwon mahaifa suka fi komai yawa a cikinsu. Gashinsu ya fito cikin 'yan watanni, amma raunin ƙashi sai kulawa ta dindindin.

A nan ne matsalar take. Littafin ma'aji ya nuna cewa mafi yawan mambobi suna zaɓar 'yan kwikwiyo da 'yan maruƙa da 'yan tumaki, har wata dabbar ta tara masu ɗaukar nauyi fiye da buƙatarta, alhali tsofaffin jakuna da kaji, waɗanda su ne suka fi cin kuɗin magani, ba su da kowa. Ba laifi ba ne mutum ya so abin da ya ba shi sha'awa, amma a ganin kwamiti tsarin da ke barin mafi buƙata hannu rabbana yana neman gyara. Ma'aunin da muke bi shi ne 'yanci biyar na dabba da majalisar kula da walwalar dabbobin gona ta Birtaniya ta fitar a 1979: kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa, daga takura, daga ciwo da cuta, daga tsoro da damuwa, da kuma damar yin ɗabi'arta ta asali. Babu ɗaya daga cikinsu da ya bambanta ƙaramar dabba da tsohuwa.

Saboda haka muna ba da shawarar kowane mamba ya ci gaba da riƙe dabbarsa da samun labarinta, amma duk rarar da ta wuce buƙatarta a zuba ta cikin asusu ɗaya na magani da gyaran kofato da haƙora. Muna kuma neman a amince kada a karɓi sabuwar babbar dabba sai an tabbatar da kuɗin kula da ita na aƙalla shekara guda. Ma'aji zai raba cikakken lissafin kuɗi kafin taro, kuma duk mai gyara ko ƙorafi ya miƙa shi ga sakatare a rubuce kafin ranar jefa ƙuri'a.