Gaisuwar Babbar Sallah daga wani ƙauye a Ingila

Norfolk, Ingila
Juma'a, 10 ga Zulhijja 1446 (6 ga Yuni 2025)

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida a Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina yi muku barka da Sallah, da fatan kun sauko Idi lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya.

Dalilin da ya sa na zauna na rubuta wannan takarda shi ne tambayar da Inna ta yi mini ranar da muka yi waya, lokacin da ta jiyo kukan tumaki a bayana ta ce, wai Turai na tafi ko ruga. Layi ya yanke kafin in ba ta amsa. Gaskiyar magana, Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba. Gidan kula da tsofaffin da nake aiki yana cikin wani ƙauye ne da bai kai unguwarmu yawan jama'a ba, a gabashin ƙasar, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai. Duk inda mutum ya waiwaya gonaki ne na alkama da sha'ir da wata irin saiwa mai kama da ƙaton dankali, wadda da ita suke yin sukari tunda rake ba ya yi a nan. Abin da zai ba Baba mamaki shi ne, gonar da za a tara mata gayyar mutum hamsin a wajenmu, mutum ɗaya ne yake nome ta da tarakta, kuma har yau ban ga kowa riƙe da fartanya ba.

Yau da safe na shiga motar haya zuwa birnin Norwich na yi sallar Idi tare da Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan uwanmu na Afirka, na dawo ɗaki kafin azahar. Layya kuwa ba a yin ta a tsakar gida, domin doka ta ce sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mutum ya biya mahauci, a kawo masa nama a leda bayan kwana biyu. Shi ya sa na ga ya fi mini daɗi in aiko da kuɗin gida. Na ga hoton ragon da Kawu ya sayo a kasuwar Mai'adua, kuma duk da kukan tsada da ya yi ta yi, ya iya zaɓe.

Matar da nake haya a gidanta tsohuwa ce mai kirki, tana da kare ɗaya da kyanwa ɗaya, kuma ba ta ɗauke su dabbobi ba, 'ya'ya ta ɗauke su. Da farko mun ɗan sami saɓani a kan karen, domin ya ga dama sai ya shigo ɗakina ya nemi kwanciya kan dardumata. Na yi mata bayani cikin girmamawa, ta fahimta, yanzu iyakarsa bakin ƙofa. Kyanwar kuwa ta mai da ni ubangidanta. A nan rana tana fitowa tun kafin ƙarfe biyar a wannan wata, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, saboda haka asuba tana riskata cikin nauyin barci, amma da zarar na kunna famfo zan yi alwala sai in ji ta tana shafar ƙafata. Takan zauna a gefe har in sallame. Kowane kare a ƙasar nan dole ne a sanya masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da bayanin mai shi, tun daga 2016, kuma daga Yunin 2024 dokar ta haɗa da kyanwoyi. Wanda ya ƙi, tarar tana iya kai wa fam 500. Ku faɗa wa Auta cewa kyanwarsa da ke kwana kan rumbu, da a nan take, da tana da likita da inshora.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne bushiya. Wata rana na ga rami a gindin shingen katakon gidan, kamar faɗin tafin hannu, sai na ɗauko bulo na toshe, ina ganin na yi abin kirki. Da tsohuwar nan ta gani, sai ta dafe ƙirji kamar na rushe mata ɗaki. Ashe da gangan aka bar shi, hanyar bushiya ce, maƙwabta ma kowa ya huda nasa domin ta riƙa ratsawa gida gida tana neman abinci da dare, saboda sun ce yawanta yana raguwa. Har abinci da ruwa take ajiye mata a faranti. Ranar nan na tsaya a taga da magariba na gan ta ta fito tana sunsune-sunsune, ta ci ta ƙoshi ta wuce abinta. Na tuna yadda muke mirgina ta da sanda a bayan gari in ta dunƙule, ni da Yaya, amma ban ba tsohuwar wannan labari ba, don kada in rasa ɗaki.

Akwai kuma wata 'yar barewa da ba ta fi gadarmu girma ba, wadda aka ce asalinta daga ƙasar Sin aka kawo ta. Tana haushi da dare kamar kare, kuma ita ce ta cinye mini alayyahon da na shuka a bayan gida. Yanyawa ma tana zagayawa, tsohuwar ta ce saboda ita ta daina kiwon kaji. Zomaye kuwa sai su yi ta kiwo a bakin titi ba mai kula su, abin da na san Kawu ba zai iya gani ya yi haƙuri ba.

Ba na yawan fita, domin aiki ba ya bari. Amma a watan Disamba wani abokin aikina ya kai ni bakin teku a wani wuri da ake kira Horsey, inda wata dabbar ruwa mai kama da ayu take fitowa kan rairayi ta haihu. 'Ya'yan farare ne tas kamar auduga, uwar tana shayar da su kimanin mako uku sannan ta koma ruwa ta bar su. Na ji daɗin gani, sai dai sanyin ranar ya sa hunturun Daura ya zama wasan yara a wajena.

Sai maganar tsattsewa, wadda tun jiya nake son ba Baba labarinta. Wasu guda biyu sun gina sheƙa da laka a ƙarƙashin rufin rumfar da nake ajiye kekena, yanzu haka 'ya'ya huɗu ne a ciki suna buɗe baki. Mutanen nan suna jiran isowarta a watan Afrilu kamar yadda muke jiran shamuwa, in sun gan ta sai su ce sanyi ya wuce. Wani dattijo da nake kula da shi, wanda ya yi rayuwarsa yana kallon tsuntsaye, ya gaya mini cewa in Satumba ta yi sai su tashi su ƙetare teku da hamadar Sahara har kudancin Afirka, su sake dawowa baɗi, sau da yawa ma cikin rumfar da suka bari. Na ce masa garinmu yana bakin hamadar nan ne, sai ya ce to watakila wata ta taɓa ratsa samaniyar gidanku. Ban yi masa musu ba. Tun daga ranar nake barin ƙofar rumfar a buɗe ko da ana ruwa, keken yana jiƙewa.

Ina so a sanar da ni ko ruwa ya sauka sosai har an yi shukar gero, da kuma lafiyar jakin Baba da aka ce yana ɗingishi. In da bukatar a kai shi asibitin dabbobi, a kai shi, zan aiko da abin da aka kashe. Auta ya ɗauko mini hoton hawan Magajiya da wayar Yaya, amma ya tsaya nesa da dawakai. Inna kuma, don Allah, a ba Gwaggo cinyar ragon kamar yadda aka saba. A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Malam liman, da duk wanda ya tambaye ni. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam.
Ni ne ɗanku mai biyayya.