Jakar doguwar tafiya a keke daban, ta yawon yini daban

Edita barka da aiki, don Allah a ba ni fili in ja hankalin 'yan uwana mahaya keke. In yawon yini ɗaya ne ai 'yar ƙaramar jakar ƙarƙashin sirdi ta isa, kayan faci da sufana da ɗan famfo, shi ke nan. Amma tafiyar kwana da kwanaki sai tagwayen jaka a kariyar baya, waɗanda ruwa ba ya ratsawa, a raba kaya daidai hagu da dama, masu nauyi can ƙasa, in ba haka ba keken ya dinga rangaji a gangara. Ni na taɓa goya jaka a baya kwana uku ina tafiya, wallahi ga gumi ga ciwon kafaɗa kamar wanda ya wuni yana dako.

Naku, mai karatu