Kaka a ƙasashen sanyi: kada ku kulle kanku a ɗaki tun yanzu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'ya'ya da ƙannen da suka sauka ƙasashen sanyi a wannan wata na Satumba, musamman ɗalibai, tunda yanzu ne jami'o'in Turai da Amurka suke buɗe sabuwar shekarar karatu. Na san da yawansu suna bin jaridar nan ta waya kamar yadda nake yi.

Abin da ya tayar da ni shi ne ɗiyar ƙawata da aka ba ni amanarta. Mako 3 ke nan da isowarta. Na kira ta ranar Asabar na ce ta shirya mu fita, sai ta ce, "Anti, ai an ce sanyi ya fara. Ni daga aji sai ɗaki har Afrilu." Na yi dariya har da ƙwalla, amma da na ajiye wayar sai jikina ya yi sanyi, don ni ma haka na yi a shekarata ta farko. Yau shekara 11 ina aikin jinya a Turai, kuma har yanzu ina jin takaicin waccan kakar da na ɓatar a bayan labule, ina leƙen titi ina jiran ƙanƙarar da ba ta sauko ba sai Janairu. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Laifin ba na yaran ba ne. Duk mai tahowa labari ɗaya ake cika masa kunne da shi: hunturu, hunturu. Ba a gaya masa cewa tsakanin bazara da hunturu akwai wasu makonni 8 zuwa 10 da mutanen nan suke ji da su, wasu ma sun fi son su a kan bazarar. Wannan ita ce kaka, tana kamawa ne wajen 22 ko 23 ga Satumba, ranar da dare da yini suke kusan daidaita. Daga nan yini zai riƙa raguwa, a gari kamar Landan kusan minti 4 kullum. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Turai takan mayar da agogo baya da awa 1, Amurka kuma Lahadin farko ta Nuwamba, sai ka ga magariba ta yi kafin ƙarfe 5. Wanda bai fita kafin wannan Lahadin ba ya yi asarar mafi daɗin lokacin. Masu zuwa Ostireliya ko Ajantina su juya lissafin, tasu kakar daga Maris ce zuwa Mayu.

Abu na farko kyauta ne, wato ganye. Ba sai ka je Kyoto a tsakiyar Nuwamba ba, inda Japanawa suke tururuwa don kallon jan ganye har suka ba fitar suna nata na musamman, ko jihar Vermont ta Amurka a farkon Oktoba. Lambun shaƙatawa mafi kusa da masaukinka ya isa. Ɗana ne ya taɓa tambaya ta wa yake yi wa itatuwan fenti, sai da na je na nemi amsa. Ashe launin rawaya da ruwan lemo suna cikin ganyen tun bazara, koren sinadarin nan kulorofil ne ya danne su. Da yini ya gajarta, sai bishiya ta wargaza koren ta janye abin amfaninsa zuwa rassa da saiwa, sai na ƙasa su bayyana. Jan ne kaɗai sabo, bishiya tana haɗa shi a kakar daga sukarin da ya rage a ganye. Shi ya sa shekarar da aka samu rana tarwai da dare mai sanyi amma ba daskarewa, sai ka ga itacen mepul, wanda ganyensa ke kan tutar Kanada, ya yi jajawur kamar an hura wuta. Shekarar da aka yi ta hadari da yayyafi kuwa sai ya fito a kode. Kuma iska ɗaya mai ƙarfi a dare ɗaya tana iya kakkaɓe komai. Idan ka ga ya yi kyau ranar Talata, kada ka ce sai Asabar ta sama.

Sai tuffa. Wadda muke saye a kanti duk shekara, yawanci ta daɗe a ɗakin sanyi ko ta sha tafiya a jirgin ruwa. Ta Satumba da Oktoba, wadda ka tsinka da hannunka, wata aba ce daban, kana gatsa tana ƙara, ruwan yana bin gwiwar hannu. Akwai gonaki da yawa a wajen birane da suke buɗe ƙofa: a ba ka kwando, ka shiga ka tsinka, a auna a bakin ƙofa ka biya. Wani manomi ya tsawatar mini da farko don ina fizga. Ya ce a tallabo ta da tafin hannu, a ɗan ɗaga a murɗa. Idan ta nuna za ta saki da kanta, idan ta ƙi a bar ta. Shi ne ya gaya mini cewa idan ka shuka ƙwallon tuffa ba za ka samu irin uwarta ba, sai dai a yi wa itacen aure. Tuffar girki ta Ingila da ake kira Bramley, mai tsami, duk bishiyoyinta jikokin bishiya ɗaya ce da aka shuka a 1809. Asalin tuffar kanta daga duwatsun Kazakistan ne, yanzu kuwa nau'o'inta sun haura 7,000, amma kanti ba ya nuna maka fiye da 5 ko 6.

Idan kun kwaso da yawa, ku ajiye ta wuri mai sanyi da duhu, kada ta taɓa juna, a riƙa cire mai tabo. Tana fitar da wata iska, etilin, mai gaggauta nunar duk abin da ke kusa da ita, don haka a raba ta da ayaba. Ni nakan yanka mai tsamin in dafa da kirfa da ɗan ruwa har ta narke, yara su shafa a burodi. Hattara ɗaya a gonakin nan: abin da ake kira saida. A Amurka galibi ruwan tuffa ne zalla, amma a Ingila da Faransa giya ce. A karanta kwalba, ko a tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Kabewa kuwa tana ba ni haushi da dariya a lokaci guda. Za ka ga an jibge ta ko'ina saboda bikin Halowin na 31 ga Oktoba, a fafe ta a yanka mata ido da baki a sa kyandir, bayan kwana 2 a zuba a shara. Abincin da mutanen Meziko suka fara nomawa shekaru dubbai da suka wuce! Manyan nan na ado ba su da ɗanɗano, ruwa ne da zare. Ku nemi ƙaramar ja mai kama da albasa, wadda Jamusawa suke kira Hokkaido; ba a ma feraye ta, ɓawon yana laushi a wuta. A yayyanka, a haɗa da albasa da citta da barkono, a tafasa minti 20, a niƙa. Miya ke nan ta kwana 3 ga ɗalibi mai lissafin aljihu. 'Ya'yan cikin kada a zubar, a wanke a barbaɗa gishiri a gasa. Karas da kabeji su ma yanzu ne lokacinsu, kuma sun fi zaƙi bayan sanyin farko, don shukar tana juya sitacinta zuwa sukari ta kare kanta daga daskarewa.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. A shekarata ta 2, da na fara fita, na ga ana gasa wani ɗan itace a bakin titi ana zubawa a takarda, wanda Larabawa suke kira kastana. Na saya na ci, gari-gari da zaƙi kamar dankali. Kashegari na ga irinsa birjik a ƙasa a lambun unguwarmu, yana sheƙi, ba mai ɗauka. Na ce lallai mutanen nan ba su san arziki ba. Na cika jaka fal. Ina hawa bene sai maƙwabciyata, wata tsohuwa da ba mu taɓa wuce gaisuwa ba, ta leƙa jakar ta riƙe mini hannu. Ashe kastanar doki ce, mai guba, ta wasan yara. A Ingila har gasar fasa ta ake yi tun 1965. Kama da wane ba ta wane. Ta shiga ɗakinta ta fito da wadda ake ci ta jera mini su a tafin hannu. Wadda ake ci, kwansonta cike yake da ƙaya sirara kamar bushiya, ƙwayar tana da gefe a shafe da ɗan tsini mai gashi a kai. Ta doki, kwanson ƙayarsa tsilli-tsilli ce gajeru, ƙwayar kuma mulmulalliya ba tsini.

Da na samo ta gaskiyar ma ban tsira ba. Na zuba a oben ban tsaga ba, minti 15 sai na ji tas! tas! kamar ana harbi a kicin. Tururi ne ya rasa hanyar fita. A tsaga bayan kowace da wuƙa, a gasa a digiri 200 na kamar minti 25, a ɓare tun da zafinta. Tsohuwar nan, albarkacin jakar guba, ita ta zama kakar yarana har Allah Ya yi mata rasuwa.

Abin da ba na wasa da shi shi ne laimar kwaɗi. A kaka take tsirowa a daji bayan ruwa, kuma za ku ga 'yan Poland da Italiya da kwanduna suna tsinta. Su tun suna goye ake koya musu. Akwai wata mai hula fara-fara da ɗan kore, ita ke da alhakin mafi yawan mace-macen da laimar kwaɗi ke jawowa a duniya. Dafuwa ba ta kashe gubarta. Mugun abin shi ne ba a jin komai sai bayan awa 6 zuwa 24, a yi amai da gudawa, mutum ya ga kamar ya warware, alhali hanta tana lalacewa. A 2015 sai da asibitoci a Jamus suka buga gargaɗi cikin harsuna da yawa bayan 'yan gudun hijira da dama, yawancinsu daga Siriya, sun ci ta bisa zaton irin wadda suka sani ce. A matsayina na ma'aikaciyar jinya nake cewa: ku ɗauke ta hoto, ku sayi ta ci a kanti. Manhajar waya ba malama ba ce a wannan fage.

Fitar kanta ba ta buƙatar kayan tsada. Riga 3 marasa kauri sun fi ƙatuwar kwat ɗaya, don da safe ana rawar ɗari, da hantsi ana gumi, sai ka riƙa ragewa. Takalmi dai ya zama wanda ruwa ba ya shiga, domin jiƙaƙƙen ganye ya fi sabulu santsi. Wanda ya ratsa doguwar ciyawa ya duba ƙafafunsa da ya dawo. Kaska tana nan har kaka, kuma ita ke yaɗa cutar Layim. Masu zuwa Richmond Park a Landan don kallon barewa su sani Oktoba lokacin barbararsu ne, mazan suna kuka suna karo da ƙaho, hukumar wurin ta ce a tsaya nesa da mita 50. Ku riƙa ɗaga kai sama ma. Tsattsewa tana taruwa a kan wayoyin lantarki tun Satumba kafin ta kama hanyar tsallaka Sahara, dinya kuma tana wucewa a jere kamar kibiya, ana jin kukanta kafin a gan ta.

Kada dai wani ya ɗauka yawon zai wadatar da shi da bitamin D. Daga Oktoba zuwa Maris ranar arewacin Turai ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa shi, shi ya sa hukumar lafiya ta Ingila take ba da shawarar shan maikirogiram 10 kullum a wannan tsakani, masu baƙar fata irinmu ma su duba yiwuwar sha duk shekara. Amfanin fitar na zuciya ne da barci. Hasken safe yana daidaita agogon jiki, kuma a abin da na gani, ɗaliban da suka saba fita a Oktoba sun fi jure duhun Disamba a kan waɗanda suka shige bargo tun Satumba.

Ita ɗiyar tawa, sai da na je har ƙofar masaukinta na ce ba zan tafi ba. Ta fito da kwat 2 da safar hannu da hula har gira. Kafin mu gama layi na 2 a gonar tuffa ta tuɓe su duk ta ɗora mini, tana kan tsani tana kiran mamarta ta bidiyo ta nuna mata. Mun dawo da kilo 9, har yanzu muna rabawa maƙwabta. Jiya ta turo mini hoton wani abu mai sheƙi da ta tsinta a hanyar aji, ta ce, "Anti, wannan na ci ne?" Na doki ne. Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu je dajin da na ci yake zuba.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Mai karatu, ma'aikaciyar jinya a Turai