Rahoton Ayyukan Shekara: Shuke-shuke da Ban-ruwa a Harabar Tsohon Gininmu na Samaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai da 'yan uwa tsofaffin ɗalibai, maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar.

Tarurrukanmu na wata-wata sun gudana yadda aka saba, an je dubiya, an je ta'aziyya, kuma ma'aji zai karanta lissafin kuɗi daki-daki a babban taro. Amma kusan duk ƙarfinmu bana ya tafi ne kan aiki guda, wato gyaran harabar tsohon ginin sashenmu, don haka shi za mu fi tsayawa a kai.

Ginin yana cikin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta gada daga tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya lokacin da aka buɗe ta a watan Oktoban 1962. Gini mai irin waɗannan shekaru ba abin da ke cin sa kamar danshi. Idan ruwa ya kwanta a gindin bango, sai ya riƙa hawa sannu a hankali, fenti ya kumbura, filasta ta fara zuba. Shi ya sa tun kafin a haƙa rami ko ɗaya, muka zauna da ma'aikatan kula da gine-gine aka yi yarjejeniya cewa ba za a yi ban-ruwa a jikin bango ba, kuma ba babbar bishiyar da za ta matso kusa da harsashi.

An yi ja-in-ja sosai kan batun shimfiɗa koriyar ciyawa irin ta gaban otal. Kwamiti bai amince ba. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Daga Nuwamba har Afrilu da wuya ka ga ɗigo, ga hunturu na busar da komai. Ciyawar ado sai an shayar da ita kullum a tsawon waɗannan watanni, da ruwan da ɗalibai ke jira a ɗakunan kwana daga madatsar Kubanni. Mun ga bai dace ba.

Dogon yaro da turare da malaina da ke wurin tun da, mun bar su. Inuwarsu ce ta raini karatun yawancinmu. Sai dai dukkansu baƙi ne: dogon yaro daga Indiya, turare daga Ostareliya, malaina ma daga Asiya. Abin kunya ne ɗalibi ya gama digiri a Samaru bai iya bambanta marke da kanya ba. Saboda haka sabbin dashen duka na gida ne. An jera maɗaci a bakin hanyar shiga, kanya da marke da ɗinya a tsakiyar fili, tsamiya da ɗorawa can baya. An sa gawo a gefen yamma saboda halinsa na daban: yakan zubar da ganye da damina, ya yi lif da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa ido rufe.

Wasu dattawanmu sun so a dasa gamji a bakin ƙofa don tunawa da Sardauna, Gamji ɗan ƙwarai. Niyya ce mai kyau, amma saiwar gamji da ta cediya ba sa jin kunyar bututu ko daɓe, duk inda suka ji danshi sai sun kutsa. An dasa gamjin, amma a can ƙarshen fili inda zai baje son ransa. Kusa da bango kariya kawai aka sa, ita da ke fure ja a tsakiyar rani ba tare da ta nemi ruwa ba, sai kuma jema a bakin magudana don ta riƙe ƙasa.

Samun irin ma aiki ne. Masu sayar da dashe sun fi ajiye mangwaro da gwaiba da dogon yaro, don su ake saya. Dole muka raini namu a leda. Kalwar ɗorawa ɓawonta tauri gare shi, sai da aka jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin ta tsiro da kyau. An fitar da dashen ne bayan damina ta zauna sosai.

Bishiyar gida ba ta bukatar ban-ruwa har abada, amma ƙaramin dashe sai an tallafe shi ya haye rani biyu ko uku na farko, kafin saiwarsa ta kai ga danshin ƙasa. Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce ta tulu. Ana binne tulun yumɓu har wuya, taku ɗaya daga dashen, a cika shi, a kife masa kasko. Ruwan na tsattsafowa ta jikin yumɓun gwargwadon bushewar ƙasar da ke kewaye. Wanda ya zo da safe cikin hunturu ya tona gefen tulun da yatsa zai tarar da ƙasa mai sanyi da laima, alhali taku uku gaba ta bushe ƙayau. Kaskon nan kada a raina shi, shi ke hana sauro yin ƙwai a ciki. A gangaren baya kuma mun ari dabarar manoman jihar Tawa a Nijar, aka yi tassa, wato ƙananan ramuka masu tare ruwa, da kunyoyi masu siffar rabin wata, aka zuba taki, don ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu da ƙasa. An kuma haɗa indararon rufin da tankuna. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato rufi mai murabba'in mita 100 zai iya zubo kusan lita 100,000 a damina guda. Da can duk a gindin bango yake ƙarewa.

Akwai asara. Gara ta ci wasu ɗorawa, awaki sun yi ɓarna kafin a kammala kewaye dashen da waya. Kaɗanya ce ta fi ba mu wahala: ƙwararta ba ta jure ajiya, kuma doguwar saiwarta ba ta son a tumɓuke ta daga leda. Baɗi za a binne sabuwar ƙwara kai tsaye a ramin da za ta zauna. Gambar da aka sa a jikin shinge ta yi kyau, amma dole a yanke ta kafin ta bushe, don gudun gobara. Sannan muna roƙon masu neman sassaƙen maɗaci don magani su yi wa ƙananan nan haƙuri.

A shekara mai zuwa za a kafa wa kowace bishiya allo mai sunanta na Hausa da na Fulatanci da na kimiyya. Abin da ya fi gaggawa shi ne watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa maƙura kuma tankuna ke yin ƙasa. Mai kula da lambun shi kaɗai ba zai iya zagaye tulunan duka ba. Sakatare zai buɗe rajistar masu karɓar aikin cika su a ƙarshen mako, mazauna Samaru da Zariya su ba da sunayensu a babban taro. Waɗanda ke nesa kuma za su iya ɗaukar nauyin sayen tulunan da za a maye gurbin waɗanda suka fashe.

Wassalam.

Shugaba, a madadin Kwamitin Gudanarwa